Littattafan yara masu hotuna kan rayuwar Frida Kahlo: tambayoyi da amsoshi

Iyaye da malamai sukan tambaye ni game da ƙananan littattafan nan masu hotuna da ke ba yara labarin Frida Kahlo, mai zanen nan 'yar ƙasar Meziko. Littattafan sun yi yawa yanzu, cikin harsuna daban-daban, kuma bangonsu kusan iri ɗaya ne: mace da furanni a kai, gira a haɗe, biri a kafaɗa. Na tara tambayoyin da aka fi maimaitawa, na amsa su da abin da na sani game da matar da abin da na gani wajen karanta wa yara.

Wace ce Frida Kahlo?

An haife ta ranar 6 ga Yuli, 1907, a Coyoacán, wanda a lokacin gari ne a gefen birnin Meziko, yanzu kuwa birnin ya haɗiye shi. Mahaifinta Guillermo Kahlo Bajamushe ne da ya yi ƙaura zuwa Meziko yana saurayi, ya zama mai ɗaukar hoto. Mahaifiyarta Matilde Calderón 'yar ƙasa ce. Frida ta rasu ranar 13 ga Yuli, 1954, mako guda bayan ta cika shekara 47, a gidan da ta tashi a ciki, wanda ake kira Casa Azul, wato shuɗin gida. An mayar da shi gidan tarihi a 1958. Ƙidayar da aka fi ambata ita ce ta bar zanen fenti 143, kuma 55 daga cikinsu hoton kanta ne.

Me ya sa marubutan yara suka fi son labarinta?

Domin tun ƙuruciya labarin ya ɗauki zafi. Masu zane da yawa sai sun manyanta ake samun abin faɗa a kansu. Ita kuwa tana shekara shida cutar shan inna ta kwantar da ita watanni, ta bar mata ƙafar dama siririya. Yara suna tsokanarta da "mai ƙafar katako". Mahaifinta, wanda shi ma yake fama da farfaɗiya, bai bar ta ta zauna a ɗaki ba. Ya sa ta iyo da ƙwallon ƙafa da kokawa, abubuwan da ba a saba ganin 'ya mace tana yi ba a wancan zamani. Duk yaron da aka taɓa yi wa dariya saboda jikinsa ya san wannan labari tun kafin a ƙarasa masa.

Akwai kuma wani abu da ita da kanta ta rubuta a littafin da take ajiye tunaninta. Ta ce tana ƙarama takan hura iskar bakinta a gilashin taga, ta zana ƙofa da yatsa a kan tururin, ta fita ta ƙofar nan a zuci, ta je wurin wata ƙawa mai rawa da dariya wadda ita kaɗai ke ganinta. Da wuya marubucin yara ya tsallake wannan wuri, kuma ban ga laifinsa ba. Ga kuma dabbobin da ta kiwata bayan ta girma: birai, aku, barewa mai suna Granizo, da karnukan Meziko marasa gashi. Mai yi wa littafi hoto ba zai rasa abin cika shafi ba.

Yaro ɗan shekara nawa ya dace a karanta masa?

Akwai masu kauri na kwali da ake yi wa 'yan shekara biyu zuwa uku. Waɗannan launi ne da dabbobi kawai, ba su da illa, amma kada a kira su tarihin rayuwa. Waɗanda aka fi sani su ne masu shafi 32, don 'yan shekara biyar zuwa takwas. Yawan shafin ba ra'ayin marubuci ba ne, daga maɗaba'a ya samo asali, inda ake naɗe manyan takardu su ba da shafi takwas ko sha shida. Ke nan rayuwar shekara 47 ce za a cusa cikin 'yan jimloli kaɗan a kowane shafi, dole a zubar da abubuwa da yawa. Daga shekara tara zuwa sha biyu sai a nemi masu babi-babi, waɗanda ke da wurin bayani.

Yaya littattafan ke ba da labarin haɗarin motar? Ba zai tsorata yaro ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi ɗauka da muhimmanci, domin a nan nake gane littafin kirki.

Ga abin da ya faru. A 1922 Frida ta shiga babbar makarantar share fagen jami'a ta ƙasa, tana cikin 'yan mata 35 a tsakanin ɗalibai kimanin dubu biyu. Likita take so ta zama. Ranar 17 ga Satumba, 1925, tana shekara 18, tana komawa gida cikin wata bas ta katako, sai jirgin lantarki na cikin gari ya daki bas ɗin. Ƙarfen da fasinjoji ke riƙewa ya huda ta ta ƙugu. Ƙashin bayanta ya karye wuri uku, ƙafar dama wuri goma sha ɗaya, ga ƙashin ƙugu da haƙarƙari. Wasu fasinjojin sun mutu. Ta yi wata guda a asibiti, sannan ta yi watanni a gida tana kwance rigingine, jikinta a ɗaure cikin filasta. Iyayenta suka sa aka yi mata abin jingina allon zane wanda za ta iya amfani da shi a kwance, aka rataye madubi a saman gadon, mahaifinta ya ba ta fentinsa da buroshi. Karatun likita ya tsaya nan.

Babu yaro ɗan shekara shida da ke bukatar jin inda ƙarfe ya shiga da inda ya fita. Jimla biyu sun isa: ta yi mummunan haɗari, ƙasusuwanta da yawa suka karye. Kusan duk littattafan suna yin haka, kuma daidai ne. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne shafin da ke biye. Da yawa sukan nuna ta a gado da buroshi a hannu, ana juya shafi sai ga ta a tsaye tana murmushi cikin furanni, kamar ciwon ya yi aikinsa ya tafi. Bai tafi ba. An yi mata tiyata fiye da sau talatin a rayuwarta, ta yi shekaru tana sanye da rigunan filasta da na ƙarfe don su tallafi bayanta. Littafin da ya ɓoye wannan ya cire ainihin abin da ya sa zanenta yake yadda yake, ya bar wa yaro ado kawai.

Game da tsoro kuwa, abin da na lura shi ne yara sun fi manya jure wa irin wannan labari idan aka faɗa musu shi a natse. Sukan yi shiru, su tambaya ko ta yi kuka, ko mamarta tana kusa. A amsa musu, a ci gaba.

Aurenta da Diego Rivera fa? A faɗa ko a tsallake?

Ba zai tsallaku ba. Diego Rivera shahararren mai zanen bango ne, ya girme ta da shekara ashirin, ƙato ne ita kuwa 'yar siririya, har aka ce auren giwa da kurciya. Sun yi aure ranar 21 ga Agusta, 1929. Sun zauna a Amurka daga 1930 zuwa 1933, a San Francisco da Detroit da New York, yana aikin zanen bango. A Detroit ta yi ɓari a 1932, kuma ba ta taɓa samun haihuwa ba. An ci amana a auren, sun rabu a 1939, suka sake ɗaura aure a Disambar 1940.

Ga ƙaramin yaro, ya isa a ce sun so juna, sun ɓata wa juna rai ƙwarai, sun rabu, sun koma. Wanda ba na so shi ne littafin da ke mayar da abin tatsuniyar soyayya mai daɗi, ko wanda ke nuna kamar Diego ne ya tsinto ta ya mai da ita mai zane. Ya ƙarfafa mata gwiwa, gaskiya ne. Amma kafin ta kai masa zanenta ya duba, ta riga ta yi su ita kaɗai a gado.

Hotunan da ke cikin littattafan, zanenta ne?

Galibi a'a, kuma iyaye da yawa ba su san haka ba. Wani mai zanen ne daban ya yi su, da irin salonsa, yawanci mai taushi da fara'a. Buga zanenta na ainihi ya daɗe yana bukatar izini da biyan kuɗi ga asusun amanar da ke hannun Babban Bankin Meziko, wanda ke kula da gidan tarihinta. Ban da wannan, littafin labari yana son hannu ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Sai a wayi gari yaro ya haddace labarin Frida bai taɓa ganin abin da ta zana ba. Idan littafin yana da zanenta ko da biyu ko uku a shafukan baya, wannan babbar daraja ce a wurina. Idan babu, a nemo su a nuna masa. Gani ya kori ji.

To waɗanne zane nata za a iya nuna wa yaro?

Ku fara dubawa ku kaɗai kafin ku kira yaron, kada ku rubuta sunanta a intanet yana zaune kusa da ku. Akwai zanenta masu jini da tsiraici, kamar wanda ta yi a 1932 kan ɓarinta a asibitin Henry Ford, da wani na 1935 kan wata mata da aka kashe da wuƙa. Waɗannan na manya ne.

Wanda nake farawa da shi shi ne zanen bas na 1929: mutum shida zaune a jere kan benci, har da mai goyo ba takalmi, da ma'aikaci riƙe da kayan aikinsa, da attajiri riƙe da jakar kuɗi, da yaro yana leƙen taga. Yara sukan daɗe a kansa suna ƙirƙiro wa kowa labari. Sai hotonta da aku huɗu na 1941, da wanda ta yi da birai a 1943, da zanen 'ya'yan itatuwa da ta yawaita a ƙarshen rayuwarta.

Daga shekara tara za a iya matsawa. Akwai zanen Frida biyu na 1939, shekarar rabuwarta da Diego, suna zaune riƙe da hannun juna, ɗaya cikin farar rigar Turawa ɗaya cikin kayan gargajiya, zukatansu a fili, jijiya ɗaya ta haɗa su. Shi ne ɗaya daga cikin manyan zanenta, kowane gefe ya haura mita ɗaya da rabi, alhali yawancin ayyukanta ƙanana ne. Akwai kuma barewa mai fuskar Frida ta 1946, da kibau tara a jikinta, tana cikin daji. Ban taɓa ganin yaron da ya bukaci a fassara masa wannan ba.

Me ya sa take yawan zana kanta? Yarona ya ce son kai ne.

A tuna masa da madubin. Mutumin da ke kwance watanni, fuskarsa ce kaɗai ke gabansa kullum. Ita ma ta bayyana cewa tana zana kanta ne saboda tana yawan zama ita kaɗai, kuma kanta ta fi sani. A ce wa yaron ya duba ko tana murmushi a zanen. Ba ta yi. Kallo ne a miƙe, baki a rufe, labarin kuma yana cikin abubuwan da ke kewaye da fuskar: ƙaya a wuya, ganye, biri, gashin da aka yanke ya warwatsu a ƙasa.

Yara suna dariyar girarta da gashin bakinta. Me zan ce?

A bar su su gama, sannan a gaya musu cewa ita ce ta zana su da hannunta, da gangan, gashi ɗaya-ɗaya. Buroshi yana hannunta, da ta so da ta goge. A nan ma ana gane littafi: wasu masu hoto sukan rage girar, su share gashin bakin, su haskaka fatar. Ko 'yar tsanar da kamfanin Mattel ya fitar da sunanta a 2018 ta sha suka kan irin wannan gyare-gyare. Matar da ta ƙi gyara fuskarta a zanenta bai kamata a gyara mata ita bayan ranta ba.

Dogayen siket da rigunan da aka san ta da su kayan matan Tehuantepec ne, a jihar Oaxaca. Alfahari ne da ƙasarta, kuma suna rufe ƙafar da filastar. Bayan rasuwarta Diego ya sa aka kulle kayanta a wani banɗaki na gidan, ba a buɗe ba sai 2004. A ciki aka sami rigunan, da filastar da ta yi wa zane, da ƙafar roba sanye da jan takalmi mai ado.

Akwai kurakuran da ke yawan fitowa a littattafan?

Akwai. Wasu sukan rubuta 1910 a matsayin shekarar haihuwarta, domin ita ma haka take faɗa, tana so ta haɗa haihuwarta da shekarar da juyin juya halin Meziko ya fara. Takarda ta ce 1907. Wasu sukan zana gidan shuɗi tun tana jaririya, alhali ita da Diego ne suka shafa masa wannan launi daga baya. Wasu kuma sukan sa ta cikin masu zanen mafarki na Turai saboda jagoransu André Breton ya yaba mata lokacin da ya je Meziko a 1938, amma ita ta ƙi wannan suna, ta ce rayuwarta take zanawa ba mafarki ba.

Sai batun cewa ta mutu ba wanda ya san ta. Ba haka ba ne. Ta yi baje kolin kanta a New York a 1938, an nuna zanenta a Paris a 1939, har gwamnatin Faransa ta sayi ɗaya. Daga 1943 tana koyarwa a makarantar zane ta La Esmeralda, da jiki ya ƙi sai ɗalibai suka riƙa bin ta gida. Abin da ke gaskiya shi ne sunan mijinta ya rufe nata a lokacin. Shahara irin ta yau daga wajajen 1980 ta taso, har ya kai ga sayar da wani ƙaramin zanenta dala miliyan 34.9 a 2021.

Siyasarta fa?

'Yar jam'iyyar kwaminis ce, kuma ba da wasa ba. Leon Trotsky, ɗaya daga cikin jagororin juyin juya halin kwaminis na Rasha, ya zauna a Casa Azul daga 1937 lokacin da yake gudun hijira. Kwanaki kaɗan kafin ta rasu ta fita zanga-zanga a keken guragu kan kifar da gwamnatin Guatemala. Littattafan ƙanana sukan yi shiru a nan, ban kuma damu ba. Amma littafin 'yan shekara goma da bai ambaci wannan ba ko da jimla ɗaya ya rage mata wani babban yanki, ko mai karatu ya yarda da ra'ayinta ko bai yarda ba.

Yarona yana da nakasa, ko yana yawan jinya. Littafin zai taimaka masa?

Zai iya, amma a yi hankali da irin littafin. Wanda ke cewa ta "yi nasara kan ciwo" yana ɗora wa yaro marar lafiya wani nauyi, kamar ana tambayarsa shi me ya hana shi. Na fi son wanda ya nuna cewa akwai ranakun da ta kasa tashi, akwai ranakun da ta yi fushi, akwai kuma ranakun da ta yi aiki, duk a jiki ɗaya. Kada a miƙa masa littafin kamar magani. A ajiye shi cikin sauran littattafai, idan ya ɗauko a karanta, idan ya ture a ƙyale shi.

Yaya zan zaɓi mai kyau cikin masu yawa haka?

Ni daga baya nake buɗewa. Ina duba ko akwai bayanin marubuci da jerin shekaru, da zanenta na ainihi. Daga nan sai in nemi shafin da ke bayan haɗarin in ga ko ciwon ya ɓace. Sai in ƙirga shafi nawa aka nuna ta tana aiki, da fenti a hannu, shafi nawa kuma tana tsaye kawai an yi mata kwalliya. Minti biyar sun isa.

Bayan an gama karatu, me za a yi da yaro?

A ba shi madubi da takarda da fensir mai launi, a ce ya zana kansa tare da abubuwa uku da suka dame shi ko yake ƙauna. Kada a gyara masa hanci ko ido. A tambaye shi me ya sa ya zaɓi abubuwan.

Idan yaro ya tambaya ko ta warke, me za a ce masa?

A ce masa ba ta warke ba. A watan Afrilun 1953 aka shirya mata baje kolin kanta na farko a ƙasarta, a birnin Meziko. Likitoci sun hana ta tashi daga gado, sai aka kai gadon zauren, ita kuma aka kawo ta a motar asibiti, ta karɓi baƙi tana kwance. Wannan shafi kusan kowane littafi yana da shi, kuma yara suna son sa. Da yawa a nan suke rufewa. A watan Agustan shekarar aka yanke mata ƙafar dama daga ƙasan gwiwa saboda ta fara ruɓewa, abin ya karya mata zuciya ƙwarai, kuma ba ta cika shekara guda bayan haka ba.

Idan yaron ya kai shekara bakwai ko takwas nakan gaya masa duk wannan, sannan in nuna masa zanen kankana da ke rataye a Casa Azul, wasu a yanke wasu ɗungum, jajaye a ƙarƙashin shuɗin sama. A jikin yankan da ke gaba ta rubuta sunanta, da Coyoacán, da 1954, da kalmomi uku na Sifaniyanci, Viva la vida, ma'ana rayuwa ta daɗe. Yara sukan tambaya ko ta san za ta mutu lokacin da ta rubuta. Nakan ce musu tana jin jiki sosai a lokacin, sai in bar su su ƙara kallon zanen.